Na Ƙarshe Ne Ke Fara Matsawa

An ba wani ɗalibi mai koyon harshen C aiki a aji. Yana da jeri mai gurbi biyar, waɗanda ake ƙirgawa daga 0 zuwa 4. Huɗun farko na ɗauke da 7, 12, 30 da 45, na ƙarshe kuwa ba a sa masa komai ba. Aka ce ya saka 3 a gurbi na 0, sauran lambobin kowacce ta matsa gaba da gurbi ɗaya.

Nan take ya rubuta madauki, wato umarnin da ke maimaita aiki, ya faro daga gaba: abin da ke gurbi na 0 ya koma na 1, na 1 ya koma na 2, har ƙarshe. Da ya gwada, sai ga 3, 7, 7, 7, 7.

"Malam, kwamfutar nan ta cinye mini lambobi!"

Malam ya zaunar da ɗalibai huɗu a benci mai cin mutum biyar, ya ce masa, "Zo ka samar wa kanka wuri a farko."

Yaron ya ce wa na farko ya matsa. Na farko ya dubi na kusa da shi ya ce, "In hau cinyarsa?" Aji ya kwashe da dariya.

"Ka ji tambayarsa?" in ji Malam. "Kwamfuta ba ta yin ta. Da ka ce 7 ta shiga gurbi na 1, sai ta rubuta ta a kan 12, 12 ta tafi ke nan. Daga nan 7 ɗin ce kake ta kwafewa har ƙarshe."

Yaron ya yi shiru, can sai ya je wajen na ƙarshe ya ce ya matsa. Na uku ya bi, na biyu ya bi, na farko ya bi, wuri ya samu. Ya koma ya juya madaukinsa, ya faro daga gurbi na 4 yana saukowa. Sai ga 3, 7, 12, 30, 45.

Malam ya ce, "Madalla, ɗana. In hagu za a matsa, wato wajen gurbi na 0, daga gaba za ka faro. Kuma ka tabbata akwai gurbin da za a shiga, domin C ba ta tsare maka iyakar jeri. Ka riƙe wannan har a zaman duniya: kafin ka ce wani ya matsa maka, ka fara duba inda zai koma. Wanda ya nemi wuri da gaggawa, haƙƙin na kusa da shi yake takewa."