Digiri a Rumfar Albasa

Jama'a, yaron da ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, aikin ofis ya gagara, ya dawo rumfar mahaifinsa a Mile 12, asara ya yi?

Wasu iyaye haka suke gani, har da gori: "Da mota muka saya da kuɗin karatunka, da ta fi." Haba Alhaji! Rumfar nan ce ta biya kuɗin digirin, yaushe ta zama abin kunya?

Shi ma yaron ya daina zama kamar baƙo. Ya karɓi littafin bashi, ya koyi Yarbanci, ya san farashin buhu tun daga Aliero kafin mota ta iso Legas. Takardar neman aiki kuwa, ya ci gaba da turawa.