Kifi ko Jirgi: Na Wa Ne Abin da Aka Kafa a Tsakiyar Gari?

A ce yau an ba wani gwanin zane kwangilar kafa alama a mashigar Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Giwan ruwa ne zai fara faɗo masa a rai, tunda garin a bakin tafkin Kainji yake. Amma kafin ya kwaɓa siminti, gara ya biya ta zauren malam.

Malaman Malikiyya sun yi wa mas'alar iyaka a sarari. Surar abu mai rai, in tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, haramun ce. Ta bishiya ko ta jirgi kuwa ba laifi. Kifi ya faɗi ke nan, jirgi ya tsallake. Shi ya sa shataletalen garuruwan Arewa suka fi karkata ga allo, ƙwarya, tambari da dagi.

Sai dai fatawa abin da ya halatta a gina ta bayyana. Ba ta ce na wa zai zama ba.

Kano ta ɗanɗana wannan. A 2017, don bikin cikar jihar shekara 50, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta kafa wani dogon gini a shataletalen gidan gwamnati, zanen Kaltume Gana. Babu ko tsuntsu a jikinsa. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shi. An ce yana kare gani, yana barazana ga tsaro. An kuma ce in aka leƙo shi ta sama, gicciye yake kama. Shekara shida a tsaye, amma bai daina zama kayan gwamnatin da ta biya kuɗinsa ba.

Mutanen bakin Kainji sun riga Kanawa sanin wannan ciwon, su da aka zana musu gari sukutum. Da aka datse Kwara tafkin ya cika a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge, aka tayar da mutum wajen 44,000. Hukumar madatsar ta ɗauko wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara sababbin ƙauyuka: bangon bulo, rufin asbestas mai lanƙwasa. A yi masa adalci, ya yi ƙoƙarin bin tsarin gidajen gargajiya. Duk da haka magidanta sun riƙa ƙara ɗakin laka a gefe, su ja danga, su kafa rumbu, sannan wurin ya fara ƙamshin gida. Zanen nasa bai kammala ba sai da masu gidan suka ɓata shi.

To ko jirgin siminti aka kafa a Wara, halaccinsa ba zai sa Bagunge ko Bakambare ya ga kansa a ciki ba, muddin a ofis aka yanke siffarsa. Masu sassaƙa jirgi na gaske suna nan a bakin ruwa da gizagonsu, kuma ba kasafai mai kwangila ke tambayarsu ba. A bikin Rigata na Yawuri, aikin hannunsu ne ke tsere a gaban Sarki, jama'a na ihu daga gaɓa. Gari na wayewa jiragen su koma ɗaukar buhunan shinkafa da kwandunan kifi zuwa kasuwa.