Daren ado a jirgin ruwa: tufa da mutuncin mai sa ta

A manyan jiragen ruwan da ke ɗaukar masu yawon shaƙatawa akwai wata al'ada da za a iya kira daren ado. Kowace rana akan kai wa fasinja takardar tsarin wuni a ɗakinsa. A wasu ranaku sai takardar ta sanar da shi cewa daga ƙarfe shida na yamma ba a shiga babban zauren cin abinci sai da kayan alfarma. Ga maza, ma'anar haka ita ce baƙar kwat irin wadda Faransawa ke kira simokin, ko kuwa aƙalla kwat mai duhun launi tare da abin ɗaurin wuya. Wanda zai ƙetare Tekun Atlantika a jirgin Queen Mary 2, daga Ingila zuwa Niyok, tafiyar kwana bakwai, tun yana gida zai tsaya gaban akwatinsa yana shawarar abin da zai zuba a ciki.

A ido wannan ƙaramar magana ce, ta masu hannu da shuni, nesa da damuwar mutanen ƙasar da ba ta da bakin teku. Amma tambayar da ke ƙarƙashinta ta shafi duk wanda ya taɓa tsayawa yana tunanin rigar da ta dace da taron da aka gayyace shi. Shin jama'a na da haƙƙin gaya wa mutum abin da zai sa? In kuma ya bi, me ya rasa, me ya samu?

Ya kamata a fara sanin tufar kanta. A 1865 Yariman Wels, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, ya sa shagon ɗinki na Henry Poole a Landan ya yi masa gajerar kwat da zai riƙa cin abincin dare da ita a gida, domin ya huta da doguwar kwat mai wutsiya. A 1886 irinta ta bayyana a Tuxedo Park, kusa da Niyok, shi ya sa Amurkawa ke kiranta da sunan wurin. Siffarta ba ta sake sosai ba tun lokacin: baƙi ko shuɗi mai duhu ƙwarai, bakin ƙirji na siliki, layin siliki a gefen wando, farar riga a ciki, baƙin takalmi mai sheƙi, da ɗan ƙyallen wuya da ake ƙullewa kamar malam-buɗe-littafi. Abin lura a nan shi ne, tufar da yau ake ganin ta ƙure takura, da farko sauƙi aka nema da ita.

Jiragen ruwa sun gaji wannan al'ada ne daga gidajen manyan Turai. A zamanin da ba wata hanyar zuwa Amurka sai ta ruwa, fasinjojin aji na ɗaya kan sake kaya kowane dare kafin cin abinci, ban da daren farko da na ƙarshe, sabili da a na farko ba a gama buɗe akwatuna ba, a na ƙarshe kuwa an riga an ɗaure su. Jirgin Faransa mai suna Normandie, wanda ya fara aiki a 1935, yana da zauren cin abinci da ya fi Zauren Madubai na fadar Versailles tsawo. Daga 1958 jiragen sama masu gudun gaske suka fara ƙetare tekun cikin awoyi, suka kwashe fasinja. Jiragen ruwa suka koma na hutu. Abin da a da yake ɗabi'ar kullum ta wani aji, yau ya zama shagalin dare ɗaya ko biyu a mako, wanda duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga.

Daga wannan tarihi ne masu sukar al'adar ke samun hujjarsu, kuma hujja ce mai nauyi. Masanin tattalin arziki na Amurka Thorstein Veblen ya nuna tun 1899 cewa tufar mai dukiya sanarwa ce: farar rigar da ba ta da ɗigon datti tana shaida wa kowa cewa mai ita ba ya aikin hannu. Shekara tamanin bayan haka, a 1979, Pierre Bourdieu ya bayyana yadda abin da ake kira iya ado ke zama shinge, ana gane ɗan gida da shi, ana kuma gane baƙo. Jirgin da al'adar ta girma a cikinsa ma a rabe yake hawa-hawa. Da Titanic ya nutse a watan Afrilu na 1912, mutum wajen 1,500 suka rasu. Daga fasinjojin aji na ɗaya kimanin shida cikin goma sun tsira, daga na aji na uku kuwa kimanin ɗaya cikin huɗu. Saboda haka wanda ya ce daren ado begen wata duniya ce da ba ta yi adalci ba, bai faɗi ƙarya ba.

Sai dai asalin abu ba shi kaɗai ke yanke hukunci a kansa ba. Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya raba girma gida biyu. Akwai girman da mutane suka kafa da yarjejeniyarsu, kamar sarauta da muƙami, akwai kuma girman da ke cikin mutum, kamar ilimi da nagarta. Na farko ana biyansa da ladabin zahiri, na biyu da ganin ƙima a zuci. A wurinsa, kuskure shi ne a cakuɗa su: mai muƙami ya nemi a ɗauke shi mutumin kirki domin muƙaminsa kawai, ko kuwa wani ya ƙi gaishe shi domin bai ga kirkinsa ba. Tufa tana cikin kashi na farko. Simokin ba ta ƙara wa mai ita ko ƙwayar gero ta hankali ko amana. Duk da haka ba a banza take ba, kamar yadda gaisuwa ba a banza take ba ko da ba ta tabbatar da ƙauna.

To mene ne amfaninta? Mutum in ya zauna cin abinci ba ya ganin rigarsa, waɗanda ke gabansa ke ganinta. Ke nan ado, a irin wannan wuri, kyauta ce da ake yi wa idon abokan zama. Buki kuwa ba mutum ɗaya ke yin sa ba. A cikin zauren akwai tsoho da matarsa da suka yi shekaru suna tara kuɗi domin su yi murnar cika shekara arba'in da aure. Abin da suka biya ya wuce abinci da gado, sun biya wani dare da ya bambanta da sauran darare, kuma kamfanin jirgi ba shi da ikon ba su wannan daren shi kaɗai. Sauran fasinjoji ne ke ba su shi, kowa da ɗan wahalar da ya yi a gaban madubi. In rabin zauren ya zo da gajeren wando, fitilu da kiɗa na nan, amma daren ya tafi.

Akwai kuma wani abin da masu suka kan manta. Tun zamanin Beau Brummell, wanda ya yi tashe a Landan a farkon ƙarni na 19, adon namijin Turai ya bar launuka da kayan ƙyalƙyali ya koma ga tsabta da kyan ɗinki. Masanin halayyar ɗan Adam John Carl Flügel ya yi nazarin wannan sauyi a 1930, ya ɗauke shi a matsayin babban haƙuri da maza suka yi da ƙawa. Sakamakonsa a daren ado shi ne, malamin makaranta mai ritaya da mai banki, in an hango su daga taki goma, ba a rarrabe su. Inda aka ce kowa ya sa abin da ya ga dama, bambancin arziki ba ya gushewa, sai ya koma ga sunan kamfanin da ke jikin riga da agogon hannu. Dokar da ba a rubuta ba ta fi rubutacciya zafi ga baƙo, domin ɗan gida ya san ta tun yana yaro, shi kuwa baƙo sai ya ji kunya tukuna zai gane ta. Takardar da aka kai ɗaki ta gaya wa kowa abu guda, a fili, tun da wuri. Wannan ma wani nau'i ne na adalci.

Saura maganar ƴanci. Da a ce duk wanda ya ƙi kwat zai kwana da yunwa, da al'adar ta zama zalunci. Ba haka abin yake ba. A shekara ta 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya fito da tsarin da ya sauke wa fasinja wajabcin kayan alfarma, wasu kamfanoni da dama kuma suka sassauta nasu. Cunard, mai Queen Mary 2, wanda ya fara ƙetare Atlantika tun 1840, ya riƙe dararen adonsa, amma ya bar wuraren cin abinci da na zama ga wanda ba ya son sake kaya. Mutum na da zaɓin jirgi tun kafin ya biya, yana da zaɓin zaure bayan ya shiga. Wanda ya san sharaɗi, ya yarda, sa'an nan ya zo bakin ƙofa da rigar wasa yana faɗa da mai tsaron ƙofa, so yake ya ci moriyar ƙoƙarin wasu ba tare da ya kawo nasa ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amma nauyi bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Wanda ya sha ado ba shi da izinin yi wa mai cin abinci a ɗaya zauren kallon raini, domin wancan bai karya alkawarin kowa ba.

In an yarda da wannan, zaɓen kayan ya zo da sauƙi, kuma ma'auni uku sun isa. Na farko ƙarfin aljihu. Tun da an yarda da kwat mai duhun launi, wanda ya ci bashi ya sayi simokin domin dare biyu, kwalliyarsa ba ta biya kuɗin sabulu ba. Haya ma ba aibu ba ce. Gaskiya ne an ce zanen aro ba ya rufe katara, amma karin maganar na gargaɗi ne ga mai tinƙaho da abin da ba nasa ba. Wanda ya biya haya da guminsa domin ya girmama taro bai yaudari kowa ba.

Na biyu dacewa da jiki. Kafaɗar kwat ta tsaya inda kafaɗar mutum ta tsaya, hannunta ya bar ɗan bakin farar riga ya leƙo, wando ya sauka kan takalmi ba tare da ya taru ba. Tsohuwar kwat da tela ya gyara, aka goge ta sosai, ta fi sabuwa mai tsada da ke rataye a jiki kamar a ƙusa. A nan kulawa ce ke magana, kuma kulawa ba ta da tsada.

Na uku, mutum ya tambayi kansa ko lalle sai da tufar Turai zai nuna girmamawa. Mutanen Sikotlan kan zo irin wannan dare da zanensu na gado mai ratsi-ratsi, ba mai cewa sun saɓa. A bukin ba da kyautar Nobel a Istokholm, inda ƙa'idar tufa ta fi ta kowane jirgi tsanani, an yarda da kayan gargajiya na ƙasar baƙo. A 1982 marubucin Kolambiya Gabriel García Márquez ya karɓi tasa kyautar sanye da fararen kaya irin na yankinsu. Babbar riga ta shadda da ta sha aiki da bugu, da wandonta da hularta, tana faɗar abin da simokin ke faɗa: wannan dare ba kamar kullum ba ne, kuma na shirya dominku. Hankali dai shi ne a tambayi kamfanin jirgi tun kafin tafiya, kuma a kawo ta idi, kada a kawo ta zaman ƙofar gida.

Akwai wani mutum a zauren da har yanzu ba a ambata ba, alhali shi ma yana cikin kaya masu tsabta da guga. Shi ne mai kawo abinci. Queen Mary 2 na ɗaukar fasinja wajen 2,700, ma'aikatansa kuwa wajen 1,200 ne. A jiragen shaƙatawa da yawa, ma'aikata masu yawa ƴan Filifin ne da Indiya da Indonesiya, suna yin watanni ba su ga iyalinsu ba. Yarjejeniyar aikin teku ta duniya ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce a ba ma'aikacin jirgi hutun aƙalla awa 10 a cikin 24, da awa 77 a mako. Mai lissafi zai ga yawan awoyin da suka rage na aiki. Ga fasinja, kwat shagalin dare biyu ce. Ga wannan mutum, kayan aiki ne na kowane dare.

A gabansa ne ake gane wane irin girma fasinja ya zo da shi, cikin biyun da Pascal ya raba. Tela na iya ba mutum na farko cikin mako guda. Na biyun yana bayyana ne a lokacin da aka ajiye masa faranti: ko ya ɗaga kai ya dubi fuskar wanda ya ajiye, ko ya riƙe sunansa da ke rubuce a ƙirjinsa, ko ya yi haƙuri in miya ta zo da sanyi. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya ƙulle ɗan ƙyallen wuyansa daidai, sa'an nan ya kira mai hidima da ƙyasta yatsa, ya cika sharaɗin takardar da aka kai masa ɗaki, amma bai fahimci dalilin da ya sa aka rubuta ta ba. Dalilin kuwa shi ne mutanen da ruwa ya haɗa wuri guda, ba dangin iya ba na baba, su nuna wa juna cewa kowa ya cancanci a yi ɗan wahala dominsa, har da wanda ke tsaye alhali saura na zaune.