Daji Na Wane Ne?

Masana harshe, tun daga Ferdinand de Saussure, sun nuna cewa babu wata alaƙa ta asali tsakanin sautin kalma da abin da take nufi. Yarjejeniya ce kawai ta masu magana. Da jiki yana karanta littattafai, da wannan bayani ya ishe ni magani. Amma na yi shekaru kalmar "daji" tana busar mini da yawu.

Ni mutumin Safana ne, daga wani ƙauye kusa da Runka, a bakin Dajin Rugu. Lokacin da aka kai ni makarantar kwana, satar shanu a yankinmu ta fara rikiɗewa zuwa kisa, jama'a kuma sun fara kiran maharan "'yan daji". Sai yaran birni suka laƙaba mini Ɗan Daji. In sabulu ya ɓace, akwatina ake fara zazzagewa. In rediyo ya ambaci Batsari ko Safana, sai a juyo ana dariya, ni kuwa ina lissafin 'yan'uwana a zuci.

Na bar makarantar, kalmar ta biyo ni. Ko "ciwon daji" aka ce, ko "gandun daji", sai gabana ya faɗi. A Disambar 2020, da aka sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300, kowane labari da ita yake farawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Masana halayyar ɗan Adam sun ƙara da cewa gudun ne ke raya tsoron, domin mai gudu ba ya tsayawa ya ga tsumma ne.

Shawara biyu aka fi ba ni. Wasu suka ce in yafe. Na yafe, ban kuma raina yafiya ba, sai dai tsakanina da yaran take, faɗuwar gaba kuwa tsakanina da kalmar. Wasu abokai, don ƙauna, suka daina furta ta a gabana, suna cewa "jeji" ko "dawa". Wannan ya fi yi mini ciwo. Kamar sun amince ne cewa yara 'yan shekara goma sha uku sun mallaki wani yanki na Hausa har abada.

Sauƙi ya zo ta inda ban zata ba. A shekarar ƙarshe a jami'a na yi bincike kan sunayen itatuwa, na ɗauki muryar kakata, wadda hare-hare suka koro zuwa Dutsin-Ma. Ta yi maganar kanya da magarya da aduwa, da yadda suke shiga daji tsintar kaɗanya da damina, da maharban da ke gane sawun gada a busasshiyar ƙasa. Dole in rubuta duk abin da ta faɗa, harafi da harafi, in mayar da sautin baya in sake ji. A bakinta daji wurin abinci ne da magani, wurin da take kewa. Kafin in kammala babi na uku hannuna ya daina rawa. Kalmar ta girmi bindiga, ta girmi waɗanda suka zage ni da ita, kuma kason kakata a cikinta ya fi nasu yawa.

Ba na cewa kowace kalma haka take. Akwai waɗanda don cin mutunci kaɗai aka ƙirƙire su, waɗannan a binne su. Daji kuwa aron ta aka yi aka yi jifa. Har yanzu ana jifan, yanzu ma ya fi sauka a kan yaran Fulani waɗanda ba su taɓa riƙe komai ba sai sandar kiwo. Kwanan baya a tashar mota na ji an kira wani yaro mai tallar nono da sunan. Gabana bai faɗi ba. Na matsa na tambaye shi sunansa na yanka, na kira shi da shi da ƙarfi, na sayi nonon.