Yumɓu Zai Iya Ɗaukar Hankali?

'Yan'uwa marubuta, duk wanda ya ratsa layin masu tukwane a kasuwar Gujungu ta ƙasar Taura, in ya kasa kunne zai ji ana kiran tulu kamar ɗan'adam. Yana da baki, yana da wuya, yana da ciki, har da gindi. Ashe tun kaka da kakanni maginan tukwanenmu jikin mutum suke kwaikwayo. Ba abin mamaki ba ne, domin mu ma daga yumɓu aka halicce mu.

Mutanen Nok na kudancin Kaduna sun wuce nan. Kawunan yumɓun da suka gasa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, suna nan da idanu da kitso. A yau kuma akwai masu fasaha a ƙasashen Turai da Amurka da ke murza yumɓu su fitar da siffar ƙwaƙwalwa da rassan jijiyoyinta. Wasunsu suna koyi ne da zane-zanen Santiago Ramón y Cajal, likitan ƙasar Sifen da ya zana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da hannunsa, har ya sami kyautar Nobel a 1906.

To, ga tambayata: wanda ya gina ƙwaƙwalwa da yumɓu, ya kama mutum ke nan?

Wani zai ce wannan hanyar gunki ce. Ina ganin akwai bambanci. Gunki ana yin sa ne don a rusuna masa, ita kuwa ƙwaƙwalwar yumɓu da ɗalibin likitanci zai juya a hannunsa a Dutse, ana yin ta ne don a gane halitta, a ceci rai. Hukuncin dai mu bar wa malamai.

Abin da ya fi damuna shi ne girman kan mai ganin siffa ta wadatar. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo 2 ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Ko magini ya ƙera su duka, ina zai sa kunya? Ina zai liƙa tausayi? Bahaushe ma a ciki ya ajiye waɗannan, shi ya sa yake cewa farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki. Ita randa ai amfaninta yana ga ruwan da ke cikinta.

Nan ne maganar ta shafe mu. Littattafanmu cike suke da budurwa mai dara-daran idanu da dogon hanci, shafi uku ana siffanta ta, amma ba mu san abin da take tsoro ko take kunya ba. Wannan tulu ne aka yi wa ado aka ajiye babu ruwa. Kai mai shirin fitar da littafinka na farko, kafin ka gyara wa tauraruwarka gira, fara tambayar kanka me ke hana ta barci.

Allah Ya sa mu dace, amin.