Kafin ka ce mata ta haɗa kaya

Ɗana, kai da ka bar bakin Kumadugu ka je ka zauna Faransa ko Ingila, da kai nake. Na ji ka aiko a nema maka aure a Bosso, har ka shaida wa iyayen yarinyar cewa kafin damina ta zagayo za ta biyo ka. Neman aure alheri ne, Allah ya sa albarka. Alkawarin tafiyar nan ne ya tsaya mini a rai, domin aikinka ya tsaya, da kuɗin tallafin gwamnatin can kake ci kake biyan haya, kuma iyayenta ba su san da haka ba.

Ba gori nake maka ba. Mutumin Bosso ba shi da bakin yi wa wani gorin agaji. Bayan harin 6 ga Fabrairu 2015, da na 3 ga Yuni 2016 wanda ya watse garin har dubban mutane suka nufi Tumur da Diffa a ƙasa, dattawan da a da suke cika motoci da buhunan tattasai da kwalayen banda su ne suka shiga layi da kati a hannu suna jiran awo. An hana su kamun kifi a tafki, an hana cinikin tattasai na wani lokaci, da me za su ci? Amma tambayi kowane ɗayansu, zai gaya maka abin da aka auna maka a layi daban, abin da ka noma daban. Na layi yana iya yankewa ranar da mai bayarwa ya janye hannu. To, da wannan idon ma'aikatan biza suke duban kuɗin da ke shiga hannunka.

Idan Faransa kake da katin zama, hanyarka ita ce ta haɗa iyali. Hukumar kula da baƙi ta OFII ce ke karɓar takardu, magajin garin da kake zaune ya binciki gidanka da samunka, sannan ferefe ya yanke hukunci cikin wata 6. Dole ka yi wata 18 a ƙasar da takardun zama na halas kafin ka nema. Sai a ɗauki samunka na wata 12 da suka wuce a raba, a ga ko ya kai mafi ƙanƙantar albashin ƙasar, wanda suke kira SMIC. A ƙarshen 2024 ya kai wajen yuro 1,800 a wata kafin a cire abin da ake cirewa, kusan sefa miliyan 1 da jika 180 ke nan. Wannan na gidan mutum biyu ko uku ne. Idan kun kai huɗu ko biyar a ƙara kashi 10 cikin ɗari, shida zuwa sama a ƙara kashi 20. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, a wannan lissafi ba a sa tallafin marasa samu na RSA, ba a sa kuɗin yara, ba a sa tallafin tsofaffi marasa ƙarfi. Ko duk wata suna sauka a asusunka kan lokaci, mai lissafi zai tsallake su kamar ba su nan. Gidan ma aunawa ake yi: miji da mata suna buƙatar murabba'in mita 22 a birni mai tsada irin Paris, har zuwa 28 a ƙananan garuruwa. Ɗakin da kuke kwana ku huɗu da abokanka ba zai wuce ba.

Akwai sassauci, kuma da yawa daga yaranmu ba su san da shi ba. Idan ciwo ko nakasa ne ya zaunar da kai, har kana karɓar tallafin nakasassu na AAH, ko ƙarin kuɗin rashin lafiya na ASI, doka ta ɗauke maka sharaɗin samu, saura na gida. Kada kunya ta sa ka ɓoye lalurarka. Wanda ya ji rauni a wajen gini ko a masana'anta haƙƙinsa yake karɓa, kuma takardar nan da yake ɓoyewa a ƙasan akwati tana iya zama wadda za ta kawo masa matarsa. Haka wanda aka ba mafaka: idan an ɗaura aurensa tun kafin ya nemi mafakar, ba a tambayarsa albashi ko faɗin ɗaki. Idan kuwa bayan nan ya yi auren, ya koma layin kowa da kowa. Ka duba ranar da ke kan takardunka kafin ka ɗauki shawarar abokin da labarinsa ba irin naka ba ne.

Ingila ta fi tsanani. Daga 2012 an riƙa neman mutum ya nuna samun fam 18,600 a shekara, sai a ranar 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Tallafin gwamnati na Universal Credit ba ya shiga wannan lissafi. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai sai ya nuna fam 88,500 da suka yi wata 6 a asusu, ba waɗanda aka zuba jiya ba. Su ma suna sassauta wa mai karɓar tallafin nakasa irin PIP, ko mai karɓar kuɗin jinyar wani. Shi ba a neman fam 29,000 a wurinsa, sai dai a cire kuɗin haya da harajin gida daga abin da yake samu a mako, a ga ko saura ya kai abin da gwamnati ke ba iyali irin nasa. Ita kuma matar sai ta ci jarrabawar Ingilishi ta matakin farko, ta yi gwajin tarin fuka, kuma idan ta iso ba ta da hannu a tallafin gwamnati shekarun farko. Duk nauyinta a wuyanka yake. A 2025 kuɗin neman bizar kansa ya kusa fam 2,000, kuma idan aka ƙi ba a mayarwa.

Ni ban ga baƙon abu a cikin tambayar da suke yi ba. Ci da sha da sutura da wurin kwana, ai su ne waliyyi ke tambaya tun kafin a raba goro. Abin da ya bambanta shi ne, waliyyi yana karɓar maganarka da shaidar dangi, su kuwa sai takarda.

Takarda kuwa ita ce raunin mutanenmu. Aure a masallaci da sadaki da shaidu ya ɗauru a wurin Allah, amma ofishin biza sai ya ga an rubuta shi a ma'aikatar magajin gari. Yara nawa ne takardar haihuwarsu ta ƙone ko ta ɓata a gudun 2016, nawa ne ba a taɓa yi musu ba? Kotu a Diffa tana ba da hukuncin da ke maye gurbinta, a bi ta nan tun da wuri. Idan yarinyar haifaffiyar Malam Fatori ce ko Damasak, a faɗi haka, a nemi takardunta na Najeriya. Mu kogin bai taɓa raba mu ba, amma a wurin mai duba takarda ƙasa biyu ce. A lura da rubutun suna, kada wata takarda ta ce Mahamadou wata ta ce Mohammed. Wadda ba ta cika shekara 18 ba, ba Faransa ba Ingila, babu mai shigar da ita a matsayin mata. Mai mata a can kuma kada ya yi wa ta biyu alkawari, dokarsu mace ɗaya ta sani. Ga shi kuma an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, hanyar da dama mai nisa ce daga Bosso ta ƙara nisa.

Za a zo maka da shawara. Wani zai ce akwai mai buga takardar albashi, wani zai ce a tara maka kuɗi a zuba a asusu a kwashe bayan an duba. Ɗana, kada ka taɓa. A Faransa ƙirƙirar takarda ko amfani da ita laifi ne da ke kai mutum kurkuku har shekara 3 da tarar yuro 45,000, kuma katin zaman da ka sha wuya kafin ka samu yana iya tafiya tare da ita. Sunan yarinyar ma ya ɓaci a wurinsu alhali ba ta san komai ba. Bayan wannan duka, gidan da kake so Allah ya sa wa albarka ne za ka kafa a kan shaidar zur.

Wadda na fi tausayi ita ce yarinyar. An ɗaura aure, an yi buɗa, ƙawayenta suna kiranta matar Turai. Shekara ta wuce, ta biyu ta wuce, tana ɗakin uwarta ko na uwarka, ba ta da damar sauraron wani, kai kuma kullum a waya sai ka ce takardu sun kusa. Kai ka san ba a ma ajiye su ba. Ƙuruciyarta ce ke tafiya, kuma za a tambaye ka a kanta.

Ga abin da nake so ka yi. Ka je wurin masu ba da shawara kyauta, a Faransa akwai ƙungiyar Cimade, a Ingila akwai Citizens Advice, ka baje musu takardunka su gaya maka a wane layi kake. Idan lafiyarka ƙalau, ka kama aikin da ya samu, ko shara ce ko wanke kwanuka, ka adana takardar albashin kowane wata har su cika. Sannan ka kira mahaifinta da kanka, kada ka aiki kawunka. Ka ce, Baba, ga halin da nake ciki, ga abin da doka ke nema, ba zan iya ɗaukarta ba sai nan da shekara biyu ko fiye, ga abin da zan riƙa aikowa na ciyarwa kafin lokacin. Idan ya ce a ɗaura ta jira, ka tabbata an tambaye ta ita ma ta amsa da bakinta. Idan ya ce a dakata sai ka shirya, ka yi masa godiya, kada ka riƙe shi a zuciya.