Kakar Da Ta Riƙe Sunaye

Karatu: Matiyu 1:1-17

Ɗan'uwa, ko kana cikin masu tsallake waɗannan ayoyi domin sunaye sun yi yawa? Ni ma na sha yin haka, har ranar da muka binne kakata a Kparatao, kusa da Sokode a ƙasar Togo.

Ta haura shekara 90. Tun kafin Togo ta sami 'yancin kai a 1960 take tuyar ƙosai, da shi ta ciyar da mu. Da dare kuwa sai ta shimfiɗa tabarma ta jero mana kakanni tun zamanin Jamusawa: wa ya haifi wa, wace aka kai aure Dapaong. Har kawun da ya gudu da bashin mutane takan ambata. In mun sunkuyar da kai ta ce, "Jininku ne, ina zan kai shi?"

Matiyu ma bai ɓoye abin kunya ba. Cikin asalin Yesu akwai Tamar, da Rahab, da matar Uriya. Ubangiji bai ƙi fitowa daga irin wannan gida ba.

Ni ban rubuta kome ba, na ɗauka kullum tana nan. Yau in 'ya'yana sun tambaye ni, ba na wuce kakan mahaifina. In kakarka tana da rai, ɗauki biro da takarda ka je wurinta a makon nan. Tambaye ta har da wanda gida ba ya so a ambata.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da zuriyar waɗanda muka manta da sunayensu, cikin sunan Yesu. Amin.